Hoton da Ba a Ce wa Kowa Ya Tsaya Ba

Kakata ta wajen uwa hotonta ɗaya ne a duniya, na katin ɗan ƙasa. An tsayar da ita jikin farin ƙyalle, aka ce ta ɗaga haɓa kada ta motsa, ita kuwa ta ɗaure fuska tamau kamar wadda aka kai gaban alƙali. Duk wanda ya zauna da ita ya san ba haka take ba. Mace ce mai dariya har da hawaye, wadda hannunta ba ya rabuwa da aiki, in ba tsinkar zogale ba to ɓarar gyaɗa, tana yi tana tsokanar jikoki. Yaran da aka haifa bayan rasuwarta, in an nuna musu katin sai su ce, “Ashe Kaka mafaɗaciya ce.” Maganar nan tana yi mini ciwo har gobe. Ita ce kuma ta sa nake ganin girman wata sana'a da ba mu ba ta matsayinta ba tukuna: mutum ya shiga gida da kyamara, da yardar masu gidan, ya wuni cikinsu suna harkokinsu, bai ce wa kowa ya tsaya ba, bai ce wa kowa ya yi murmushi ba, ya fito da hotunan da duk ɗan gidan da ya gani zai ce, “Wallahi haka Inna take zama.”

Hoton da muka saba da shi na shiri ne. Ranar Salla ko suna ko ɗaurin aure a ci ado, a jeru, manya bisa kujera yara a ƙasa, mai hoto ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ba na raina shi, shi ma yana da gwanayensa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana. Yakan rataya zane mai ado a bayan mutum, ya ara masa agogo ko rediyo ko babur, ya gyara masa zaman hannu da karkatar wuya, har talaka ya fito kamar ɗan sarki. Irin wannan hoto yana adana yadda mutum yake so a gan shi, wannan kuwa haƙƙinsa ne. Abin da ba ya riƙewa shi ne ranar Talata da ba biki ba Salla, wadda aka tuƙa tuwo aka ci aka wanke kwanuka aka kwanta. Irin ranakun nan su ne kusan dukan rayuwar mutum, su ne kuma ke fara gushewa daga zuciya.

A Bamakon dai aka samu wanda ya fita waje da kyamara. Malick Sidibé yakan bi samari da 'yan mata wuraren rawarsu da dare, ya koma ya wanke fim, ya manna ƙananan hotunan jikin takarda mai kauri don masu su su zo su zaɓa. Hotonsa da ya fi shahara na 1963 ne: saurayi da yarinya suna rawa a fili, kawunansu sun kusa haɗuwa, ita ko takalmi babu a ƙafarta, kuma ba mai kallon kyamara a cikinsu. Wa da ƙanwa ne, yana koya mata taku. A 2007 aka ba Sidibé Zakin Zinariya a bikin fasaha na Venis, karo na farko da mai ɗaukar hoto ya samu wannan lambar ta aikin tsawon rayuwa. A Yamai kuwa Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940 ya rasu a 2014, shi ya bar wa Nijar hotunan daren babban birninta na shekarun 1960 da 1970, mutane na tsakiyar nishaɗinsu. Ke nan hoton da ba a shirya masa ba ya daɗe a yankinmu. Abin da ya rage shi ne a shigo da shi daga titi zuwa tsakar gida, a nan kuwa aikin ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Ɗauki gida ɗaya a Bana, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, can kusurwar kudu inda Nijar ta haɗu da Benin da Najeriya. Ƙasa ce ta giginya da rake da rogo, mai samun ruwan sama fiye da kusan ko'ina a Nijar, inda za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fillanci a kasuwa ɗaya. Gida a wannan yanki yakan kasance da ɗa a Malanbil, ƙetaren kogi, da 'yar da aka kai aure Kamba ta jihar Kebbi, da wani da ya tafi cirani Kwatano ko Legas. A 2023 da aka rufe gadar Gaya, ziyarar da a da ba ta wuce hawan babur ba ta koma ta kwale-kwale da dogon lissafi. Wanda ke nesa, hoton jeri na Salla yana shaida masa kowa na nan da rai. Amma a tura masa hoton mahaifinsa zaune a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, akuyar gidan tana leƙen ƙwarya a gefe, to an kai shi gida.

Abu na farko da mai wannan aiki ya sani shi ne ba kowa ke wuce zaure ba. Baƙo namiji iyakarsa ƙofar gida, sai in ɗan dangi ne. Shi ya sa nake ganin sana'ar ta fi dacewa da mata, kuma daga nan “ita” zan riƙa cewa. Mace za ta shiga har bakin murhu, har ɗakin mai jego, ta zauna a gefen gado ba wanda ya tsargu. Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda ta karanci aikin jinya kafin ta rungumi kyamara, ta nuna abin da idon 'yar gida ke iya gani. A 2015 ta fara sa hotunan rayuwar yau da kullum ta Borno a Instagram da sunan Bits of Borno, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai kango da makoki.

Gwanar takan zo tun kafin ranar aiki, hannunta ba kyamara. Ta gaida maigida a zaure, ta faɗa masa abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba, sannan ta wuce wurin uwargida.

“Salamu alaikum. Inna, sannu da aiki.”

“Yauwa, 'yar nan, maraba. Ke ce mai hoton? Bari mu watsa ruwa mu sa kaya.”

“A'a Inna, yau gaisuwa ce ta kawo ni. Gobe in na zo, yadda kuke ɗin nan nake so.”

“Da wannan tsohon zanen? Haba, 'yar nan!”

Ba ta musu da Inna. Sutura mutunci ce, kuma macen da ke jin an ɗauke ta a wulaƙance ba za ta taɓa sakewa ba. Don haka washegari da hoton ado ake farawa: a sa atamfar Salla, a jeru, a ɗauka da kyau, kowa ya ga kansa. Da zarar hankali ya kwanta cewa akwai na nunawa ga baƙi, sai a tuɓe a koma kayan aiki. In Inna ta bar sabon kallabi a kanta, a bar mata. Na faɗi haka ne domin mun sha ganin baƙi masu kyamara da ke zuwa ƙauyukanmu neman tsumma da ƙuda a idon yaro, suna kiran abin gaskiya. Gaskiyar gida ta haɗa da tsabtar kwanukan da aka kife a rana da jeren uwar ɗaki, kuma mai ido ba ta tsallake su.

Yara su ne jarrabawa ta gaba. Suna ganin kyamara za su yanyame ta, wannan ya ɗaga yatsu biyu, wancan ya yi tsayuwar ɗan kokawa. Ba ta korar su. Takan ɗauke su ta nuna musu, ta sake ɗauka ta sake nunawa, har abin ya gundure su su koma wasan langa. Daga nan sai ta nemi gefen tabarma, ta ajiye kyamara a cinya, ta sha ruwan da aka kawo mata, ta jawo tiren gyaɗa ta taya ɓara. Awa ɗaya kan wuce ba ta ɗauki abin kirki ba, kuma ba ta ƙosa ba. Kunnenta ne ke gaya mata lokaci ya yi: muryar da aka sassauta saboda baƙuwa ta koma yadda take, uwa ta daka wa yaro tsawa daga bakin rijiya, matan gidan sun ci gaba da hirar da suka yanke. An manta da ita, a nan aikinta ke farawa.

Haske shi ne jarinta, kuma a ƙasarmu ba ƙarancinsa ke damun mai hoto ba, yawansa ne. Ranar tsaka tana zubowa daga bisa kai, ta mai da kwarmin ido rami baƙi, ta ƙone farin yadi har ba a ganin ɗinkinsa. Gwanar ta san lokutanta biyu, daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe ya kwanta a kunci ya fito da zanen katangar laka. In hunturu ya sauko da hazo, sararin sama gaba ɗaya yakan zama kamar an rufa wa rana mayafi, fuskoki su yi laushi wuni guda, sai dai ta riƙa kāre kyamara daga ƙura. Tsakar rana ba ta tashi aiki, wuri take sauyawa. Bakin ƙofar ɗaki shi ne mafi kyau: mutum yana zaune daga ciki kaɗan, hasken tsakar gida na faɗo masa a fuska, duhun ɗakin ya zame masa bango. Tana guje wa inuwar bishiya mai ratsi-ratsi, domin takan bar wa mutum dabbare-dabbare a goshi. Hayaƙin murhu kuwa da ƙaiƙayin da ke tashi lokacin shiƙa, sai ta zagaya ta sa rana a bayansu, su kama wuta kamar zinariya.

Akwai wata matsala da duk mai ɗaukar baƙar fata ya sani. Kyamara tana auna hasken wurin gaba ɗaya ta raba daidai, to in dattijo ya sa farar riga, farin yakan ruɗe ta ta rage haske, fuskarsa ta nutse. Gwanar a kan fuska take auna haskenta, ta ƙara kaɗan da hannunta, ta lura kada rigar ta ƙone. Walƙiyar kyamara kuwa ba ta kunna ta a irin wannan aiki. Walƙiya ɗaya ta isa ta tuna wa gida duka cewa akwai baƙuwa.

Sai lokaci, wanda shi ne gishirin sana'ar. Dubi mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, wannan ta sauke waccan ta ɗaga, can ɗaya ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe. Idan aka sa kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, taɓaryar za ta tsaya cak a iska, tafin hannun a haɗe. Idan aka sassauta zuwa ɗaya bisa 30, taɓaryar ta zama zane mai gudu, turmin da ƙafafu suna tsaye, har ka ji kamar sautin na fitowa daga takarda. Wanne ya dace, ita za ta yanke. Amma ko wanne ta zaɓa, in ta jira sai ta ga taɓarya a sama sannan ta danna, ta makara. Kiɗan dakan take bi da kunne, ta danna gab da abin zai faru. Haka take yi da komai na gidan. Ta lura jaririn da ke tatata wurin kakarsa yake nufa kullum, sai ta riga shi zuwa ta durƙusa daidai tsayinsa. Ta san in almajiran gidan suka dawo daga makarantar allo wurin tukunya za su fara leƙawa. Henri Cartier-Bresson na Faransa, wanda littafinsa na 1952 ya sa duniya ta riƙa maganar wannan ƙiftawar ido da komai ke haɗuwa a cikinta, yakan rufe ƙyallin ƙaramar kyamararsa ta Leica da baƙin tef don kada ta ja ido. Shi a titi yake farauta, mutanensa ba su san shi ba. Tata farautar ta fi tasa nauyi, domin gobe za ta dawo gidan ta haɗa ido da waɗanda ta ɗauka.

Ba ta tsayawa daga nesa da dogon gilashi, wannan leƙe ne. Gilashi mai faɗi take so, kamar na milimita 35, wanda ke tilasta mata matsowa har ta ji ƙamshin daddawa, ya kuma kwaso mutum tare da wurinsa: randa, igiyar shanya, azarar giginya a rufin ɗaki. Kafin ta danna idonta ya zagaya kusurwa huɗu, kada turken akuya ya tsiro daga kan maigida, kada a yanke wa yarinya ƙafa. Kyamarar a hannu take, ba a kan ƙafafun ƙarfe ba. Jean Rouch mai shirya fim, da ya bi kogin Neja daga mafarinsa zuwa teku a 1946 da 1947, a tafiyar ya rasa ƙafafun kyamararsa, dole ta sa ya riƙe ta a hannu yana bin mutane, abin da ya zama salonsa har ya rasu kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Wayar hannu ma tana wannan aiki in an goge idonta, an kashe ƙararta, an taɓa fuskar mutum a allo kafin a ɗauka, aka kuma matsa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsa.

Duk wannan ana iya koyonsa. Abin da ya sa nake cewa aikin a gidajenmu ya fi na ko'ina daraja shi ne kunya. Mu mutane ne masu ɓoye ƙauna. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Miji da mata ba sa zama kafaɗa da kafaɗa a tsakar gida. Suruka tana sunkuyar da kai. In ka jera waɗannan mutane ka ce su dubi kyamara, kunyar kaɗai za ka ɗauka. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar kuwa ba ta ba da labarin sai ta ɗauka ba mai kallo. Ɗan farin nan ya dawo daga gonar rake ya zauna cin tuwo, uwar tana can bakin murhu ta ba shi baya. Sai ta waiwayo, daƙiƙa ɗaya tak, ta dube shi yana kai loma, ta mai da kai ga tukunya. Shekara talatin yana gidan bai taɓa ganin wannan kallon ba, domin ba a yin sa sai idonsa na wani wuri. Mai hoton da ta san al'adar ta san kallon zai zo, ta zauna inda za ta haɗa su biyun cikin hoto ɗaya, ta jira.

Kaka da jika kuwa ba sa wahalar da ita. Tsohuwa na kiran ɗan shekara uku “maigidana”, tana ƙorafin bai kawo cefane ba, shi kuma yana jan muruci daga hannunta. A nan dariya a fili take, sai dai a yi saurin dannawa.

Wanda aka bari ya ga irin waɗannan abubuwa an ba shi amana, gwanar kuma tana da abubuwan da ba ta ɗauka ko da haske ya yi kyau. Mace ba kallabi, mai shayarwa da ba ta rufa ba, majinyaci a kwance, cacar baki tsakanin kishiyoyi, duk takan sauke kyamara. In akwai dattijon da ya ce shi ba ya son hoto saboda addini, ba ta jayayya da shi, ba ta kuma satar sa a gefen hoton wani. Kafin ta bar gidan takan zauna da uwargida su duba tare, wanda aka ce a goge ta goge nan take a gabanta. Ba ta sa ko ɗaya a Facebook ko WhatsApp don tallar aikinta sai an yarda mata, kuma yardar maigida ba ta wadatar ba in fuskar matarsa ce a ciki.

Daga ɗaruruwan da ta ɗauka, kaɗan ne za su tsira. Takan zubar da masu kyau da yawa don su bar wa mafi gaskiya wuri, ta jera sauran daga sharar safe zuwa fitilar dare, yadda mai buɗe albam zai bi wunin gidan da ido. Ba ta yi wa kowa bilicin da kwamfuta, ba ta share tsagar gado a kunci ko tamojin goshi. Sannan ta kai a wanke su a takarda. Waya takan faɗa rijiya, a sace ta, ko memori ya mutu da hotunan shekara biyar a cikinsa. Takarda ma tana da abokan gaba, gara da laimar damina, waɗanda ƙasar Gaya ba ta rasa ba, shi ya sa gwanar take ba da shawarar a sa albam cikin leda a ajiye a akwati, nesa da ƙasa.

Ranar da ta kawo hotunan takan zo da fensir, domin a bayan kowanne sai an rubuta suna da shekara da gari. Matan gidan sun kewaye tabarma, hoto na yawo hannu zuwa hannu, ana shewa an ga Baba yana gyangyaɗi da rediyo a kunne. Mai hoton ta ɗauko na bakin murhu, ta rubuta Bana da shekarar, ta ɗaga kai.

“Inna, sunan wa zan sa tare da naki?”

Inna ta dubi hoton, ta kau da kai wajen randa, ba ta ce komai ba. Ƙanwar ɗan farin ce ta faɗi sunan tana dariya. Da aka gama aka shirya sauran cikin albam, wannan ɗaya Inna ta zare shi, ta naɗe a gefen mayafi, ta tashi ta shige ɗaki da shi.